Canjin Kociyoyi A Tamale: Ina Gizo Yake Saƙar?

Da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a gasar Firimiya ta Ghana, wanda yawanci yakan faɗo wajen watan Yuni, damina ta kankama, filayen wasa sun yi tsit, sai kuma wata gasar ta daban ta buɗe a rumfunan kasuwar Aboabo da tashoshin mota da teburan masu shayi na garin Tamale. Wannan gasa ba ta buƙatar ƙwallo ko takalmi, baki kawai take buƙata, ita ce gasar naɗa koci da tuɓe shi. Mu da muke aiki a gidan rediyo mun fi kowa sanin lokacinta, domin a waɗannan watanni ne layukan tarho ke cika maƙil a shirin wasanni, har mutumin da bai leƙa filin wasa ko sau ɗaya ba a duk tsawon kakar sai ka ji ya bugo daga Paga ko Bawku ko Tatale yana faɗin wanda ya kamata a kora da wanda ya kamata a ɗauko.

Muhawarar ba ta cika sauya kama ba daga shekara zuwa shekara. Akwai masu cewa ƙungiyar arewa ba ta da magani sai ɗan gida, wanda ya san halin yaranmu, yana jin Dagbanci da Hausa, ya kuma san gidan uban kowane ɗan wasa. Akwai masu cewa ai ɗan gida shi ne matsalar, saboda ba ya iya ajiye ɗan yayarsa ko ɗan maigidansa a benci, don haka a je Kumasi ko Akra a ɗauko baƙo wanda ba ya jin kunyar kowa. Idan gardama ta yi zafi sai wani ya jefo maganar Bature, nan take sai a tambaye shi wa zai biya shi da dala, sai a kwashe da dariya a koma kan ɗan gida da baƙo.

Mun daɗe muna sauraron wannan zance, kuma ba mu raina shi ba, domin ƙauna ce ke kawo shi. Amma a namu ganin an bar jaki ana dukan taiki. Mai karatu ɗan kasuwa ne, ya san abin da ake nufi idan aka ce mota ta kwana a hanya tsakanin Bolga da Walewale da lodin albasa. Maigida mai hankali yakan fara tambaya ne ko an zuba mai, ko tayoyin suna da rai, ko an ba yaran mota kuɗin abinci, kafin ya kai ga maganar direba. A harkar ƙwallonmu ta nan arewa, daga direba ake farawa, kuma a kansa ake tsayawa.

Bari mu ɗauki Real Tamale United, wato RTU, tunda ita ce uwa ma ba da mama a wannan yanki. An kafa ta a shekarar 1976, kuma marigayi Alhaji Aliu Mahama, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Babban filin wasan da aka gina a Tamale domin gasar cin kofin Afirka ta 2008 sunansa yake ɗauke da shi a yau. A RTU ne Abedi Pele ya fara fitowa fili tun yana yaro, kafin ya shiga tawagar Black Stars da ta ɗauko kofin Afirka a Libiya a 1982. Dattawan da suka kalli wasa a tsohon filin Kaladan har gobe idan suka fara ba da labari sai ka ga idanunsu sun kawo ruwa. Duk da wannan tarihi, RTU ba ta taɓa ɗaukar kofin gasar ƙasa ba, kuma a kakar 2012/2013 ta buga wasanninta kaf ba tare da ta ci ko guda ɗaya ba, ta faɗa rukuni na ɗaya, inda ta yi zaman shekara takwas.

A 2021 ta dawo Firimiya a hannun koci Shaibu Ibrahim Tanko. Wanda yake Tamale a wannan rana ba zai manta da jerin babura da aka yi a titunan gari ba. Kakar farko da ƙyar aka sha, sai a ranar ƙarshe, a watan Yunin 2022, RTU ta je har Akra ta doke Hearts of Oak da ci 4 da 1 ta tsira. Kaka ta biyu Baba Nuhu ne a kan kujera. Kaka ta uku kuma Abdul Mumin Abdulai. Wato kaka uku, kowacce da kocinta, kuma kowane sauyi sai da aka yi masa muhawara irin wadda muka ambata a sama, wasu na murna wasu na tsaki.

To me ya faru a ƙarshen kaka ta ukun? Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yunin 2024 RTU tana da kwantan wasa da Dreams FC a garin Dawu. A lokacin ƙungiyar ta riga ta faɗi daga gasar. 'Yan wasanta suka ƙi tafiya saboda albashin watanni da suke bi, sai aka kwaso waɗansu samari da ba su da rajista da ƙungiyar aka sa musu riguna suka shiga fili da sunayen waɗanda suka ƙi zuwa. Aka tashi wasa 8 da 1. Asiri ya tonu, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, GFA, ta gurfanar da ƙungiyar gaban kwamitinta na ladabtarwa, labari ya zaga ƙasa har ya tsallaka waje. Wannan ita ce rana mafi muni da masoyan RTU suka gani a zamaninmu, kuma muna so mai karatu ya tsaya ya duba ta da kyau, domin duk abin da muke son faɗa yana cikinta. Wane koci ne a duniya, ɗan gida ko baƙo, baƙi ko Bature, zai hana faruwar abin da ya faru a Dawu? Ba tsarin wasa ne ya hana yara hawa mota ba. Yaron da mai gidan haya yake ƙwanƙwasa masa ƙofa, matarsa tana jiran kuɗin cefane, ba ya jin huɗubar koci a kan tsaron baya da kai hari, kamar yadda yaron shagon da aka hana shi haƙƙinsa wata uku ba ya jin wa'azi a kan riƙon amana.

A shekarar da ta biyo baya RTU ta yunƙura, ta kai wasan ƙarshe na neman gurbin shiyya ta ɗaya a watan Mayun 2025, amma Eleven Wonders ta Techiman ta doke ta da ci 2 da 1 a Akra. Washegari da muka buɗe layi, kusan duk wanda ya bugo maganar canjin 'yan wasa a minti kaza yake yi, da wanda koci ya sa da wanda ya ƙi sawa. Masu tambayar yadda aka biya kuɗin mota da masauki ba su kai a ƙirga ba.

Alhali kuwa a nan gizo yake saƙar. Gasar Firimiya ƙungiyoyi 18 ne, kowacce tana buga wasa 34, rabinsu a waje. Mafi yawan ƙungiyoyin suna kudu ne, a Akra da kewayenta, da ƙasar Asante, da Bono, da yammacin ƙasa wajen Tarkwa da Samreboi. Ƙungiyar Kumasi tana iya tashi da safe ta je ta buga wasa ta kwana a gida. Ƙungiyar Tamale kuwa daga nan zuwa Akra kawai ya haura kilomita 600, ga man mota, ga ɗakunan kwana na mutum kusan talatin, ga abinci, sannan a juyo a sake wannan tafiya bayan mako biyu. Duk wanda yake kai kaya kudu ya san abin da wannan hanya take ci a aljihu da kuma a jiki. Sa'an nan a tuna cewa shekarun da RTU ta yi a Firimiya su ne shekarun da sidi ya sha kashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamban 2022. Ɗan kasuwar da yake canjin sidi da sefa a bakin iyaka ba ya buƙatar a tuna masa wannan shekara. A cikin 2022 ɗin ne kamfanin betPawa ya sa hannu a yarjejeniyar ɗaukar nauyin gasar ta shekara uku a kan dala miliyan 6, aka yi ta murna, amma kafin 2023 ta ƙare ya janye daga matsayin babban mai ɗaukar nauyi. Ƙungiyar da ba ta da kamfanin haƙar zinari ko na katako a bayanta, ba ta da wani attajiri guda da ya ɗauke ta a matsayin dukiyarsa, sai dai karo-karo da roƙon manyan gari da 'yan siyasa, ita ce ta fara jin jiki.

Idan aka duba waɗanda suka ɗauki kofi a 'yan shekarun nan za a ga abin da muke nufi. Medeama ta Tarkwa a 2023, Samartex ta Samreboi a 2024, Gold Stars ta Bibiani a 2025. Duka ukun wannan ne karonsu na farko, duka ukun daga garuruwan zinari da katako suke, kuma babu wadda ta kai RTU yawan magoya baya ko tsawon tarihi. Ba mu ce kociyoyinsu ba su iya aiki ba. Abin da muke cewa shi ne an ba su mota mai tayoyi.

Me ya sa to kullum koci ne ake fara taɓawa? Saboda shi ne mafi arha. Shugabannin ƙungiya ba za su kori kansu ba. Ba za a iya korar 'yan wasa talatin a rana ɗaya ba, balle ma ana riƙe da kuɗinsu. Amma koci mutum ɗaya ne, takarda ɗaya ta ishe shi, kuma da an sanar da sabon suna sai gari ya ɗauki zancen, a yi mako uku ana tafka muhawara a kan ko ya iya ko bai iya ba, babu mai sake tambayar ina lissafin kuɗin ƙofa na bara. Mu 'yan rediyo ma, gaskiya ɗaya ce, muna da namu kason a cikin wannan laifi, domin labarin korar koci ya fi jawo masu bugo waya a kan labarin bashin albashi, mu kuma muna son layi ya cika.

Kada a ɗauka cutar ta arewa ce kaɗai. Manyan kudu da suke da kuɗi su ma suna fama da ita, sai dai tasu ta rashin haƙuri ce. Samuel Boadu ya ɗauko wa Hearts of Oak kofin gasa da na ƙalubale a 2021 bayan shekaru fiye da goma rabonta da kofin gasa, ya ƙara kofin ƙalubale a 2022, amma kafin watan Satumba na wannan shekara ya fita an sallame shi. Aka kawo Slavko Matic ɗan Sabiya, magoya baya suka hana shi shiga filin atisaye a 2023. Aka kawo Martin Koopman ɗan Holan, bai ga ƙarshen shekarar ba. A kakar da RTU ta faɗi, Hearts ɗin ma sai a ranar ƙarshe ta tsira. A Kumasi kuwa Prosper Ogum ya ci wa Asante Kotoko gasa a 2022 ya tafi, aka ɗauko Seydou Zerbo daga Burkina Faso, aka sallame shi a watan Maris na 2023, aka sake dawo da Ogum ɗin, aka kuma rabu da shi a watan Afrilun 2025. Idan da canjin koci shi ne maganin, da waɗannan ƙungiyoyi biyu sun fi kowa lafiya.

Haka zancen yake a Black Stars. Tsakanin watan Janairun 2020 da Maris na 2024 sau biyar aka naɗa koci: C. K. Akonnor, sai Milovan Rajevac, sai Otto Addo, sai Chris Hughton, sai kuma Otto Addo a karo na biyu. Me aka girba? Komoros ta fitar da mu a zagayen farko a Kamaru a Janairun 2022. A Kodebuwa a Janairun 2024 muna gaban Mozambik da ci 2 da nema har lokaci ya cika, suka farke duka biyun, aka dawo gida. Daga nan sai wasannin neman shiga gasar 2025, wasa shida ba nasara ko ɗaya, har Mena ta Nijar ta zo Akra a watan Nuwamban 2024 ta ci mu 2 da 1. 'Yan uwanmu masu kawo albasa daga Galmi ba su bar mu mun sha ruwa ba a wannan mako, kuma ba mu ga laifinsu ba. Tun kafin wannan ma, a gasar duniya ta 2014 a Barazil, rigimar alawus ce ta kai sai da gwamnati ta tura kuɗi dala miliyan 3 a jirgin sama, aka kori 'yan wasa biyu daga sansani, aka fito a zagayen farko, sannan bayan 'yan watanni wanda ya rasa kujerarsa shi ne koci Kwesi Appiah.

A nan ya kamata mu yi wa masu ra'ayin canji adalci, domin suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar ita ce Kwesi Appiah ɗin nan. Mutumin da Ghana ta rabu da shi har sau biyu shi ne ya karɓi Sudan a 2023, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, gasar cikin gida ta tsaya, ba ta iya buga ko wasa ɗaya a gidanta, amma ya riƙe Ghana canjaras a Akra, ya doke ta 2 da nema a Bengazi ta Libiya, ya wuce gasar Afirka ya bar mu a gida. Haka kuma Abdul Karim Zito, wanda ya ɗauko kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya a 2021 tare da ɗan Tamale Abdul Fatawu Issahaku, ya kai Dreams FC wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin ƙalubale ta Afirka a 2024 kafin Zamalek ta Masar ta tsayar da shi, kuma da ya karɓi Kotoko a 2025 bai yi wata uku ba ya ɗauko mata kofin ƙalubale. Saboda haka wanda ya ce koci ba ya da tasiri bai san ƙwallo ba. Direba nagari yana iya lallaɓa tsohuwar mota ta kai inda sabuwa ta kasa kaiwa a hannun ɗan koyo.

Amma a lura da wani abu. Appiah na Sudan shi ne Appiah na Ghana, ba a canza masa kai ba. Abin da ya samu a can shi ne an sakar masa ragama, kuma ƙashin bayan tawagarsa 'yan Al Hilal da Al Merrikh ne, yaran da suka daɗe suna wasa tare. Zito kuwa ya yi shekaru a Dreams FC yana renon yara kafin a ga amfanin. Ko Otto Addo ɗin, da aka yi ta kiran a kore shi bayan wasan Nijar, hukuma ta ƙi, shi ne ya samo wa Ghana tikitin gasar duniya ta 2026 a watan Oktoban 2025, da ƙwallon Mohammed Kudus a ragar Komoros. Ba mu ce wannan ya wanke shi daga kowane zargi ba, amma masu bugo mana waya da suka rantse ba zai kai ko'ina ba sun yi shiru a wannan dare. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo sun san Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a 1986, bai ɗauki kofin komai ba sai 1990, bai ci gasa ba sai 1993. A Tamale da tuni an manta sunansa.

Wani abokin aikinmu da yake bibiyar irin ƙwallon nan ta Amurka da ake runguma da hannu ya ja hankalinmu ga yadda suke yi a can. Su ma suna da ranar korar kociyoyi, Litinin ɗin da ta biyo bayan wasan ƙarshe na kaka, har suna kiranta baƙar Litinin, kuma magoya bayansu suna tafka muhawara irin tamu. Bambancin shi ne ƙungiyoyinsu 32 raba kuɗin talabijin suke yi daidai wa daida, babu faɗuwa ƙaramin rukuni, babu ɗan wasan da ke bin albashi. Idan suka ce koci ne matsala, to sun riga sun toshe sauran ƙofofin. Duk da haka ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu mafi yawan kofuna, Pittsburgh Steelers, kociyoyi uku kacal ta yi daga 1969 zuwa 2025.

Akwai kuma abin da ya fi kujerar koci muhimmanci ga arewa, wanda ba a cika kawo shi a muhawara ba, wato ina yaranmu suke tafiya, kuma wa yake cin ribarsu. Fatawu daga Steadfast ta nan Tamale ya tashi, ya tafi Sporting ta Fotugal a 2022, daga can ya wuce Leicester ta Ingila. David Abagna yana RTU aka kira shi tawagar da ta je Kamaru, daga baya ya tafi Al Hilal ta Sudan. Mubarak Wakaso ɗan garin nan ne. Ƙasar da take fitar da irin waɗannan ba ta rasa kayan sayarwa ba. Ƙungiyar da ta iya ƙulla yarjejeniya a rubuce da yaro tun yana ƙarami, ta riƙe shi da albashi shekara uku, ta sayar da shi da sharaɗin samun kaso idan aka sake sayar da shi gaba, ita ce za ta iya biyan koci nagari ta kuma yi haƙuri da shi. Wadda ba ta biya kuwa, da kaka ta ƙare yaran sai su watse kyauta, sabon koci ya zo ya tarar da fili wayam, ya fara gwajin sababbin yara a watan Agusta, gasa kuma ta buɗe a Satumba. Zuwa Disamba an fara kiran a kore shi. Tamale City da ta hau Firimiya a 2022 kaka ɗaya ta yi ta sauko. Ita kuwa Karela United, da ɗan majalisa Haruna Iddrisu ya saya a 2023 ya ɗauko ta daga ƙasar Nzema ya kawo arewa, aƙalla an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan albashi ya makara, ko da yake dogaro da aljihun mutum ɗaya, balle ɗan siyasa, shi ma yana da nasa haɗarin.

Mu magoya baya ma sai mun taɓa aljihunmu. Mun sha gani da idanunmu mutum ya zo filin wasa a kan sabon babur, ya tsaya a ƙofa yana neman wanda ya sani ya shigar da shi kyauta, alhali daren jiya ya biya kuɗi a gidan kallo don ya ga Chelsea. Idan aka tashi wasa shi ne kan gaba wajen zagin koci.

Don haka a wannan hutu, duk shugaban ƙungiyar da ya zo ɗakin shirinmu da sunan sabon koci a bakinsa, za mu yi masa maraba, mu ba shi ruwa, amma kafin mu tambaye shi takardun kocin za mu tambaye shi wata nawa yara suke bi, an sallami kocin da ya tafi da haƙƙinsa ko shi ma yana cikin masu bin bashi, yara nawa na bara suka rage, kuma shekara nawa aka rubuta wa sabon a takarda. Alhazan Aboabo da na Paga da suke ba da gudummawar buhun shinkafa da kuɗin mai idan an zo roƙo, su ma suna da ikon yin waɗannan tambayoyi kafin su buɗe jaka.